Askar Inna Adawiyya

Idan ka shiga ƙauyukan da ke kewaye da Aujara kana neman gidan Inna Adawiyya, ba za ka sha wuya ba, domin rabin mutanen da za ka tambaya ita ta yanke musu cibiya. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, kullum da goro a kumatu. Ungozomanci gadonta ne. Daga uwarta ta karɓe shi, haɗe da wata 'yar aska da take naɗewa a tsumma ta soke a jinkar ɗaki. Ba a wanke askar nan. Sai dai a goga ta a gefen zane, wai kada ruwa ya tafi da albarkar hannun magabata.

Ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Jigawa ba, wasu ma'aikatan lafiya suka zo daga Dutse suna bin gida-gida. Tambayarsu ɗaya ce: jariran da suka koma kafin suna ko jim kaɗan bayansa, da me aka yanke musu cibiya, me kuma aka shafa? Inna ta ba su amsa, ta dama musu fura, ta manta da su.

Bayan kaka sai ga ɗaya daga cikinsu ta dawo, Malama Safina, ta tara ungozomomi a inuwar ɗakin shan magani. Ta ce sun haɗa amsoshin mata, sun ga abu guda yana ta maimaituwa. Ciwon nan da ke ƙulle bakin jariri ya ƙi nono, jikinsa ya sandare, wanda ake cewa iska ce, ta cibiya yake shiga. Tsohuwar aska ke kawo shi, da toka da man shanun da ake dannawa da tsumma. Ta nuna musu sabulu, da sabuwar reza a takardarta, da zaren da aka tafasa. Ta ce masu ciki kuma su zo allurar rigakafi.

"'Yar nan," in ji Inna, "ke da me aka yanke taki?"

"Da irin askarki, Inna."

"To ga ki nan har da mota."

Malama Safina ta yi dariya tare da kowa. "Ni na tsira, Inna. Yayyena biyu ba su kai suna ba."

Bilki ce ta faɗo wa Inna a rai, matar Falalu maƙwabcinta. Haihuwa biyu Bilki ta yi a hannunta, duk maza, lafiyayyu, kuma duk bakinsu ya ƙulle ana shirin suna. Mata har sun fara kiranta mai wabi a bayan idonta. Ga shi tana ɗauke da ciki na uku.

Inna da kanta ta nemi izinin Falalu, ta raka Bilki allura duk lokacin da aka ce a koma. Wannan bai zama rigima ba. Rigimar tana wajen Gwaggo Fatsuma, uwar Falalu, ƙawar Inna tun suna tallan gyaɗa.

Ranar da naƙuda ta tashi, da hantsi ne. Inna ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, Gwaggo na tsaye tana kallo. Yaro ya faɗo, namiji. Da Inna ta ɓare takardar reza sai Gwaggo ta tare ta.

"Yaya Adawiyya, ina askar Iya? Jikana za ki yanka da abin aske gemu?"

"Tana nan, ga ta a ƙuguna. Ita ma da aikinta."

Ta ƙulle cibiya da zare, ta yanke da reza, ta miƙa wa Bilki ɗanta. Sannan ta ja Gwaggo bayan ɗaki, inda ake binne mabiyiya. Ta warware tsumma, ta yi bismilla, ta haƙa ramin da tsohuwar askar.

"Kin gani? Hannun Iya ya taɓa rabonsa. Cibiyar yaro kuwa, a bar ta ta bushe don kanta. Ba toka, ba mai."

Gwaggo ta taɓe baki. "Malaman Dutse sun saye ki da sabulu."

"Haihuwa biyu mun bi ta hanyarmu, ƙawata. Bar ni in gwada tasu."

Inna ta san tsofaffin garinsu. Ta san da zarar ta juya baya wata za ta shigo da man shanu a gefen mayafi, don ƙauna. Sai ta ɗauko tabarmarta ta tare a ɗakin mai jego. Duk mai barka da ta miƙo hannu, Inna ta nuna mata buta da sabulu. Wasu suka yi fushi, wasu suka ce Adawiyya ta zama likita ba allo. Ita dai tana tauna goronta.

Ranar suna da safe aka raɗa wa yaro suna Abdurrahim. Maza na cin waina a waje, shi kuwa yana ta zuƙar nono har da gumi a goshi. Bilki ta kasa ɗauke ido daga bakinsa. Gwaggo ta leƙa ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan mijin nawa ci ne da shi, zai cinye mu." Ta juya ta ɗauki sabulun ta wanke hannu kafin ta karɓe shi.

Daga nan Inna ba ta sake fita karɓar haihuwa ba tare da reza ba. Zuwa shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, idonta ya yi rauni, 'yarta Halimatu Sa'adiya ta karɓi aikin. Ta gaji sabulu da zare, ta gaji askar ma. Bakin askar ya dakushe sarai saboda tonon ƙasa, amma har yau ba a binne mabiyiya a unguwar sai an aika a ɗauko ta.