Bidiyon Inna ba murya

Ko na tsufa na manta sunan 'ya'yana, ba zan manta da ranar da muka kai Inna gonarmu ba.

Lokacin mun gudo Batsari, 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu can bayan Yasore. Ni ban yi boko ba. Ƙanena ne ya yi, har ya koyo rubuta manhajar waya a Katsina. Ya yi ta zama gaban kwamfuta har ya haɗa tasa manhajar kyamara, maɓalli ɗaya na hoto, ɗaya na bidiyo, wai ko ƙaramar waya za ta ɗauka. A kan awakin maƙwabta ya gwada, hoto ya fito tas.

Damuwata gona ce. Mahaifinmu ya rasu, dattawan ƙauye sun warwatse, Inna kaɗai ta rage da ta san inda tamu ta tsaya, ta wasu ta fara. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu kai ta ta nuna da bakinta, in ɗauka."

Na ce, "Abin naka ba zai ba mu kunya ba?"

"Kai dai iya tuƙa babur."

Da hantsi muka isa. Ciyawa ta cinye kunyoyi. Inna ta shiga gaba da sandarta, tana nuna kuka, tana nuna kwari, tana ta faɗin sunayen masu iyaka da mu. Shi idonsa na kan waya, ni nawa na kan daji, kunnena na jiran ƙarar babura. Ta juyo ta ce, "Kuna ji kuwa?" Na ce, "Inna, waya na ji, ki yi sauri."

Da muka dawo gida ya kunna. Ga Inna, ga sanda, ga bakinta yana motsi, amma shiru. Ya ƙara sauti har ƙarshe, shiru. Ya buɗe kwamfuta ya duba, sannan ya dafe kai. Ashe bai rubuta wurin da zai buɗe makirufo ba. Da ya gwada da awaki, bai damu da jin kukansu ba.

Na roƙi Inna ta maimaita. Ta ce, "A zaune ba zan iya ba, ɗan nan. Sai ƙafata ta taka wurin nake tunawa."

Hanyar ba ta sake biyuwa ba. Kafin kaka Inna ta koma ga Allah.

Ya gyara manhajar, yanzu har numfashi take ɗauka. Ban ga amfaninta ba. Nakan kunna bidiyon in zuba wa leɓen Inna ido ko zan tsinci suna ɗaya, ban taɓa tsinta ba. Ko an samu zaman lafiya gobe, ban san inda zan kafa fartanya in ce nan namu ne ba.

Abin da na koya shi ne, in babba yana magana, kai ake gaya wa. Ka ji da kunnenka tun yana da rai.