Hannun da Ya Hana Ni, da Wanda Ya Nema

Shugaban lajna, wato kwamitin unguwarmu, ya ƙi sa mini hannu a takardar shaidar cewa a Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ni, alhali ya ci tuwon auren uwata yana yaro, kuma ya sani na sani.

Ga yadda abin yake. Tarakta nake tuƙawa a gonakin dawa na Gadambaliya. Lasisina ya ƙare, aka ce ba a sabuntawa sai da lambar ɗan ƙasa. A ofishin lambar kuma, da suka ji sunan kakana, suka ce in kawo shaidar shugaban lajna. Mu jikokin alhazan da suka taso daga yamma, ƙasar Hausa, suka zauna nan, ba a gama tambayarmu. Hadari ya fara haɗuwa, mai gona ya ce in Asabar ta yi ban zo da takarda ba, zai ba wani taraktar. Da ita nake ciyar da gida.

Ranar Talata na sami shugaban lajnar a shagonsa. Kakansa da kakana ayari ɗaya suka biyo, amma shi yanzu ba ya Hausa sai in ya leƙa hagu da dama. Da Larabci ya amsa mini.

"Ya zol, bawan Allah, wannan magana ce ta hukuma. Ina na san inda aka haifi ubanka?"

Na ce, "Alhaji, kai ka riƙe kan makararsa."

Ya ce, "Mutuwa daban, haihuwa daban."

Na fito. Gaskiya ne ma, ban taɓa jin malami ya faɗi abin da ya fi wannan daidai ba.

Ranar Juma'a bayan sallah, sai ga Alhaji ya miƙe da lasifika. Lokacin nan ne rediyo ke ta maganar Musulmin Rohingya da aka koro daga Bama. Ya yi bayani, ya yi kuka, kuka na gaske har gemu ya jiƙe. Ya ce ku duba zalunci, mutane an haife su a ƙasa, an haifi kakanninsu a can, a wayi gari a ce su kawo takarda! Jama'a suka yi ta kabbara. Ni ma na yi, don labarin ya taɓa ni, kamar na san mutanen.

Sai ya fito da doguwar takarda. Ya ce za a aika Khartum, gwamnati ta yanke hulɗa da Bama, ta kori jakadansu. Har yau ban san ko suna da jakada a Khartum ba, shi ma ina jin bai sani ba. Aka kafa tebur a inuwar masallaci, kowa ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma da layi ya zo kaina na karanta abin da ke saman takardar: "Mu 'yan ƙasar Sudan, mazauna Gadarif."

Na tsaya da biro a hannu. Na san in na sa hannu na yi shiru, na koma shagonsa da yamma na durƙusa, wataƙila zuciyarsa tana nan da taushi, tunda yau ya yi kuka. Na san kuma in na buɗe baki, tarakta ta tafi.

Ya ce, wannan karon da Hausa, a hankali, "Sa mana, ɗan'uwa, mutane na jira."

Na ajiye biron a gabansa. Na ce, "Alhaji, nan an rubuta 'yan ƙasa. Ranar Talata ka ce ba ka san inda aka haifi ubana ba, ba zan ɓata maka takarda da hannun baƙo ba. Ka kori jakadan Bama, Allah Ya ba ka sa'a. Amma in mutanen nan suka tsira suka zo Gadarif, don Allah ka gaya musu kada su biyo ta shagonka."