Lungun da Baba Ya Nema

Bayan an sallamo Baba daga asibiti, ba shi da wani aiki sai duba tsofaffin katunan hoto, irin waɗanda ake aikawa ta gidan waya. A gwangwanin shayi yake ajiye su. Ɗaya na Hartum ne, inda suka yada zango da iyayensa a hanyarsu daga Kano zuwa Madina. Hoton wani ɗan jirgin ƙasa ne a tsakiyar titi, mutane maƙale a ƙofarsa.

"Turmai ke nan," ya ce da ni. "Ranar da na fara ganinsa ihu na kurma. Na zaci ɗaki ne ya tsere."

Sauran duk na tsohuwar Madina ne, garin da muke zaune har yau: lunguna matsattsu, tagogin katako sun leƙo ta sama, mai ruwa da jakinsa. Ya ɗora yatsa a kan wata kwana ya ce bayanta gidansu yake, inda mahaifiyarsa take tuyar ƙosai alhazai suna saye.

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce in kai shi lungun. Na san babu abin da za mu tarar, amma na kasa faɗa masa. Na tura shi a keken marasa lafiya har farfajiyar Harami. Ya riƙe katin yana auna shi da Koriyar Ƙubba ta masallacin Annabi, ya ce mu yi dama, can ya ce a'a, mu koma. Ko'ina marmara ne da dogayen otal. Muka tsaya a ƙofar wani, mai gadi ya matso da ladabi ya tambaye shi da Larabci, "Ya ammi, baffa, ka ɓata ne? Wane masauki ka sauka?"

Baba ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ce, "A nan na yi wayo, ɗana."

Mai gadin ya yi murmushi, bai gane ba.

A tasi, a hanyar komawa gida, mun kusa masallacin Ƙiblatain sai Baba ya juyo. Ya ce, "Da makahon da ke zama a bakin lungun yana nan, da ya nuna mana."

Kafin azumi ya rasu. Ranar da muka raba kayansa, ƙannena suka ɗauki alkyabba da carbi da agogo. Babu wanda ya taɓa katunan, balle ya nemi sanin ko wace kwana ce Baba yake nunawa.