Inda Take Gajiya

Yau gasar gudu ake yi a sakandaren garinmu, jama'a duk sun yi dafifi a layin ƙarshe, ana ihu da tafi. Shi kuwa wani dattijo yana can ɗaya gefen filin shi kaɗai, inda ko inuwa babu. Ina jin tela ne, don ga tef ɗin awo a wuyansa, ga guntayen zare a gaban rigarsa, da alama daga kan keken ɗinki ya taso. Ƙafarsa ɗaya ta shanye, yana dogara sanda. Ya matse takalman makaranta na 'yan mata a hammata kamar za a ƙwace.

Na ce, "Baba, ai can ake ganin wanda ya ci."

Ko kallona bai yi ba. "Can kowa yana da mai tafa masa. 'Yata a nan take gajiya."

Ga 'yan matan nan tafe, zagaye na biyu. Ita ce ta biyar, siririya, ƙafa ba takalmi, kai ya fara langaɓewa. Ya sunkuyo, bai ko ɗaga murya ba: "Ɗaga kai, uwata. Ina nan."

Ta ɗaga. Ba ta wuce kowa ba, amma ba ta tsaya ba.

Yanzu ga shi can yana tsallaka filin a hankali, yana goge takalman da bakin rigarsa. Ban jin ya taɓa gudu a rayuwarsa, amma shi ya san daidai inda gudu yake ciwo.