Zaren da Nasiru ya ɗaura a ɗakin Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina Rabah aka kira ni, wai Nasiru mai gyaran fanka da iyakwandishan ya rasu. Jiya kafin azahar, a gidansu na Goronyo, bayan ɗan zazzaɓi. Ana idar da sallah aka kai shi makwancinsa.



Tare muka tashi. Mutum ne da in ya shiga ɗakinka, kafin ya zauna sai ya ɗaga hanci ya shinshina. Mukan tsokane shi cewa hancinsa ya riga bakinsa sallama. Ko a jikinsa.

Mahaifiyata, Inna, tana Wurno, tana fama da asma. Kuma da sanyi ya shigo ba mai raba ta da kaskon garwashi, ta rufe ƙofa da taga ruf. Abin da ke cetonta shi ne ƴar kafar iskar da ke saman bangon ɗakin. Duk shekara Nasiru kan zo da tsani ya sosa kafar nan, ya fitar da ƙaiƙayin gero da gidajen zanzaro. Ladansa kwanon fura.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ɗakin ne, kafin a fara sussuka. Ya ciro farin zare daga bakin rigarsa ya ɗaura a bakin kafar, ya ce min:

"Ka ga zaren ga? Muddin shina rawa, ɗakin na numfashi. Ran da yat tsaya, kak ka bar Inna da garwashi ciki."

Na yi dariya na ce ya zama boka.

Ɗazu na hau babur zuwa Wurno don in gaya mata rasuwar da bakina. Na tarar da ita a ɗakin ƙanwata, da tabarmarta da bargonta. Na tambaye ta abin da ya fito da ita.

"Abokin ga naka mana. Jiya bayan la'asar yaz zo, yat tsaya bakin ƙofa, bai ko shigo ba. Yac ce, Inna ki hita ɗakin ga, zare ya tsaya."

Na ce, "Inna, bayan la'asar?"

"Mi kaka kallona haka? Na ce ya tsaya ya sha hura, yac ce sauri shikai."

Idon Inna ya yi rauni, na sani. Ƙanwata kuma ta ce ba ta ji sallamar kowa ba.

Na shiga ɗakin Inna. Iska na kaɗa bishiyar tsakar gida, amma zaren na rataye tsit. Na ɗauko tsani na zura hannu, na tarar kafar ta toshe da sheƙar tsuntsu da laka. A ƙasa ga kaskon, cike da gawayin da ta shirya kunnawa.

Tsoro ya kama ni, kuma kewarsa ta fi tsoron. Ban gaya wa Inna rasuwar ba tukuna. Furarsa na nan a rufe, ta ce a ajiye masa.

Allah Ya jiƙanka Nasiru, Ya yalwata maka kabarinka, Ya buɗe maka ƙofa daga Aljanna iskarta ta riƙa iso ka.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.