Innarmu Ta Goge Min Tsufan Kayana

Jama'a, ku ji abin da Innarmu ta yi min yau!

Gobe zan baje koli a kasuwar kayan da. Na samo butar tagulla da tsofaffin tasoshi a Tarai, duk sun yi baƙi ƙirin. Baƙin nan kuwa shi masu saye ke nema. Na jera su a tsakar gida, na tafi Rano neman mota.

Ina dawowa sai na ga ƙyalli! Inna ta dirje su tas da toka da lemon tsami.

Na ce, "Inna, ai tsufan nake sayarwa!"

Ta ce, "Ka fita da su haka, a ce gidanmu ƙazamai ne?"

Sai ta miƙo hannu: "Ba ni akushin nan, shi ya rage."