Injin da aka ɗaure kamar bijimi

Mun tashi da asuba daga Inugu, ni da yayana, a bayan wata akori-kura da ta tsira daga yaƙin basasa da rabin gilashi. Shi bakanike ne, ni malamin makaranta, wato shi ya san abin da za mu ɗauko, ni kuma na iya ba da labarinsa. Injin shafe ƙarfe ne, mai dutsen da ke lasar fuskar ƙarfe har ta kwanta sumul. Da rikici ya kore mu Arewa, Yaya ya bar garejinsa na Inugu a cike. Da muka dawo bayan an ajiye bindiga, ko sifana bai tarar ba. Wani Ibo, abokin aikinsa na da, ya ba shi rabin rumfarsa, da sharaɗin ya kawo inji su haɗa hannu. Sai Yaya ya sayar da gonar gadonsa, ya sayi na hannu a Fatakwal. In injin ya iso lafiya, Yaya ya zauna. In ya lalace, ba gona, ba sana'a.

Hanyar Anaca ramuka ne da ɗan kwalta a tsakaninsu. A bakin gadar Anaca muka karya da okpa, wato alalar gurjiya, mai zafi cikin ganye. Kasuwa ta riga rufin kwano dawowa: shaguna ba kai, amma ciniki ya kankama. Gishiri kuwa yadda ake auna shi sai ka ce turare. Mutanenmu masu albasa sun fara komowa, kuma gaisuwarsu ta ƙara tsawo, domin bayan gajiya da iyali sai an bi sunaye ɗaya-ɗaya, wa ya dawo, wa aka ji labarinsa. Yawancin amsoshin masu daɗi ne.

A Fatakwal mun sauka a Diobu, gidan wani dattijo mai fataucin goro. Ya cika mu da gasasshiyar agade da kifi da manja har na soma zargin ba ya so mu tafi. Shi ya samo mana motar shanu da za ta koma wofi, da samarin da ke lodinta a mayankar Trans-Amadi, majiya ƙarfi masu fara'a.

Nan aka yi ta. Mun je sallar azahar muka bar su da injin, su kuma suka ga bai kamata baƙi su dawo su tarar da aiki ba. Injin yana da hannaye kamar ƙananan sitiyari, sai suka ɗauke su ƙaho, suka zarga igiya. Wata igiyar suka ɗaura a teburinsa, suna shirin kayar da shi su ja, yadda ake yi wa bijimi mai gardama. Muna shigowa teburin ya zame, ya daki ƙarshen layinsa, ƙwal!

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya dafa injin ya ce, "Samari, wannan a tsaye yake tafiya. Ba a kayar da shi."

Babbansu ya ce, "Haba Oga, wanda ya fi shi taurin kai mun loda."

Yaya ya ce, "Shi wancan in ya karye ana cin namansa."

Aka yi dariya, ban da shi. A gefe ya gaya mini cewa tebur ɗin ba a ɗaure yake ba, zaune kawai yake a kan layi, kuma in layin ya ji rauni ko da kaurin gashi ne, duk ƙarfen da aka shafe zai fito a karkace. Ba kuma yadda za a sani sai an kunna a Inugu.

Sai aka sake lale. Ya cire dutsen ya naɗe a bargo ya miƙa mini, ya sauke tebur aka kwantar da shi daban a kan buhuna, ya sauko da kan injin ya zaunar a kan katako. Aka tura bututun ƙarfe a ƙarƙashi, aka gangara da shi a hankali, aka ɗaga da sarƙa ta gindi, domin nauyinsa a sama yake. Wajen ɗauri kam samarin suka rama, ƙullinsu ko a ramukan hanyar Oweri bai motsa ba.

Na yi dawowar da dutse a cinya da warin kashin shanu a hanci. A wani shinge soja ya leƙa ya ce, "Wetin be dis?" Na fara bayani da Turancin aji, ya gaji kafin na kai aya, ya ce mu wuce. Karo na farko ke nan da tsawon zancena ya amfani wani.

A Inugu abokin Yaya ya riga ya zuba daɓen siminti. Suka zaunar da injin, suna cusa sillayen ƙarfe a ƙarƙashi har ɗigon ruwan ma'auni ya tsaya a tsakiya. Suka wanke layi da kananzir, suka shafa mai, suka mai da tebur. Yaya ya rataya dutsen a yatsa ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen tulu, ya yi ƙara tangaran, alamar ba tsaga. Da za a kunna, ya kawar da kowa daga saitin dutsen, aka bar shi ya yi ta juyi shi kaɗai.

Sannan aka ɗora wani guntun ƙarfe. Tartsatsi ya tashi, tebur ya je ya dawo. Abokin ya ɗauki ƙarfen ya kara masa rula, ya ɗaga saitin rana, ya juya ta kowace kusurwa. Ko zaren haske bai ratsa ba. Ya dubi Yaya, da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Ɗan'uwa, ka zauna ke nan."

Na koma gida da ciwon cinya da darasi guda: kowa da irin dabbar da ya saba kamawa, in za ka ba mutum sabuwa, gaya masa inda ake riƙe ta kafin ka tafi masallaci. Yaya kuwa ya aika a taho da iyalinsa daga Arewa.